Man Kolmani da Audugar Kumo: A Ina Indunusiya Ta Raba Hanya da Mu?

Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kolmani, can kan iyakar Alkaleri ta jihar Bauchi da Akko ta jihar Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar man fetur, aka kuma sanar cewa akwai ganga sama da biliyan 1 kwance a ƙarƙashin ƙasar wurin. A daren nan teburin mai shayinmu na Jekadafari bai tashi da wuri ba. Wani ɗan acaɓa yana ta rantsuwa cewa nan da shekara goma Gombe ta zama Dubai. Wani malamin firamare ya ce a kai kasuwa, man fetur annoba ne, wanda ke musu ya je ya tambayi mutanen Neja Delta. Sai wani dattijo ya jefo labarin da ba a raba shi da irin wannan zama: wai daga Nijeriya 'yan Malesiya suka ɗauki irin kwakwar manja, ga shi yau sun yi mana fintinkau. Ana wannan musu mai shayi yana ta soya Indomie da ƙwai, ba wanda ya lura cewa ƙasar da ya kamata mu auna kanmu da ita tana cikin kaskonsa. Indomie taliyar Indunusiya ce.

Su ukun nan, ko sun sani ko ba su sani ba, abin da malaman jami'a ke kira nazarin tarihi ta hanyar kwatance suke yi, wato ka ɗauki ƙasa biyu ka jera su, ka nemi dalilin da ya sa ɗaya ta ci gaba ɗaya ta tsaya. Aikin yana da ƙa'ida. Dubai gari ne guda a bakin teku, 'yan asalinsa ba su kai mutanen jihar Gombe yawa ba, auna Nijeriya da shi kamar auna raƙumi ne da zakara. Labarin kwakwar kuwa bai da tushe yadda ake ba da shi. Itacen ɗan Afirka ta Yamma ne, gaskiya, amma tun 1848 Turawan Holan suka dasa shi a lambun Bogor da ke tsibirin Java na Indunusiya, kuma tun 1917 aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Malaya, wato Malesiya ta yanzu, lokacin ko shekara huɗu ba a yi da haɗe Kudu da Arewa ba. Kwatancen da ke da amfani shi ne na biyun da suka taso kusan iri ɗaya, kamar wa da ƙane da suka gaji gona ɗaya aka raba musu, bayan shekara ashirin rumbun wannan ya cika na wancan wayam. Nan ne tambaya ke da ma'ana, domin ba za a ce ƙasa ce ko ruwan sama ba. Sai a koma a binciko shekarar da hannunsu ya fara bambanta.

Indunusiya ta cika wannan sharaɗi fiye da kowace ƙasa. Babba ce, ƙabilu da harsuna ɗaruruwa, Musulmi ne mafi rinjaye (alhazanmu sun san su a Mina, ga su nan cikin layi kamar 'yan makaranta). Turawa sun mulke ta. A tsakiyar shekarun 1960 talakawanta manoma ne masu fama da yunwa, a 1966 hauhawar farashi a can ta wuce kashi 600 cikin ɗari. Soja ya karɓi mulki a ƙasashen biyu kusan lokaci guda, jini ya kwarara a duka: a can an kashe mutum wajen rabin miliyan a 1965 da 1966 da sunan farautar 'yan kwaminis, a nan aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Dukansu suna cikin OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu sayar da man fetur, sa'ad da farashin mai ya ninka kusan sau huɗu a ƙarshen 1973 zuwa 1974. Amma alƙaluman gwamnatin Indunusiya sun nuna masu fama da talauci sun sauko daga kashi 40 cikin ɗari a 1976 zuwa kashi 11 a 1996. Mu a tsakanin waɗannan shekaru talauci ƙaruwa ya yi.

Amsar da ke kan leɓen kowa ita ce sata. Sai dai wannan amsa ba ta jure kwatance. A 2004 ƙungiyar Transparency International ta jera shugabannin da ake zargi sun fi wawure dukiyar ƙasashensu, Suharto na Indunusiya ne na ɗaya, da dala biliyan 15 zuwa 35, Abacha kuma aka ƙiyasta masa biliyan 2 zuwa 5. Shi kansa attajirin da ya mallaki kamfanin Indomie, Liem Sioe Liong, aminin Suharto ne, da alfarmar gwamnati ya kankane harkar niƙa alkama. A 1975, shekarar da jiragen ruwa sama da 400 maƙare da siminti suka toshe tashar Legas saboda odar tan miliyan 20 da aka yi ba lissafi, a shekarar ce kamfanin man Indunusiya, Pertamina, ya kasa biyan bashin da ya kai wajen dala biliyan 10, wanda shugabansa Janar Ibnu Sutowo ya ciwo. Ɓarna dai kowa ya yi tasa. In sata ce kaɗai ke hana ƙasa tashi, da mu da su muna kwance wuri ɗaya.

Don a ga inda hanya ta rabu, sai na dawo gida, domin ƙasar Gombe ta ɗanɗana abin a jikinta.

Garin Gombe na yanzu ba tsoho ba ne. Masarautar Bubayero ta zauna a Gombe Abba, Turawa suka mayar da ita Nafaɗa a 1913, sannan suka kawo ta Doma, inda garin yake yanzu, a 1919. Bauchi, garin Malam Yakubu, ita ce hedikwatar lardi, can Razdan yake, can manyan ofisoshi suke. Gombe ba ta da wannan gata, noma da fatauci ne suka raya ta. Wata Baturiya mai bincike, Mary Tiffen, ta bi tarihin tattalin arzikin masarautar daga 1900 zuwa 1968, ta nuna yadda baƙi suka yi ta kwararowa kudancin Gombe suna sare daji, suna sayen shanun huɗa da garma da kuɗin guminsu, suna noma auduga saboda hanya ta zo kuma kasuwa ta buɗe. Har yau akwai unguwar da ake kira BCGA a cikin gari, yara da yawa ba su san sunan kamfanin Turawan Ingila ne mai gurzar auduga ba. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, da rancen dala miliyan 28 na Bankin Duniya, bashi na farko da bankin ya ba Nijeriya. Auduga da gyaɗa aka shimfiɗa dogon ya ɗauka.

Bappana, yayan mahaifina, yana cikin waɗanda suka yi wannan noma a wajen Kumo. In yana ba da labarin fuloti, wurin da ake sayen auduga, har fuskarsa sauyawa take. Da kaka za a ɗora audugar a jakuna tun asuba, a tarar da layi. Malamin auduga ya cusa hannu cikin buhu, ya ja ya duba, ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu. A ɗora a sikeli, a ƙirga maka kuɗinka nan take, da bazara kuma a ba ka angurya ta shuka kyauta. Da kuɗin shekara guda ya sayi keke, da na wata shekarar ya rufa ɗakin Goggo da kwano. Na taɓa ce masa, "Bappa, ai cutarku ake yi. Hukumar sayen amfanin gona tana sayar da ita a waje da tsada, ku a ba ku abin da aka ga dama." Ya ce, "Mun sani, ɗan nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma gardin nan ba ya son kurarsa ta mutu."

Maganar nan tasa ta fi littattafai da yawa bayani. Gwamnatin Jihar Arewa da rarar kuɗin gyaɗa da auduga take aiki. En'e da haraji da jangali take biyan albashi. Hakimin da baƙi suka cika ƙasarsa harajinsa ya ƙaru, don haka in baƙo ya zo neman gona ba a korarsa. Ba tausayi ba ne, kuma zaluncin da aka yi wajen karɓar haraji ba ƙarami ba ne, tsofaffin 'yan NEPU ba su manta ba. Amma cikin mai mulki yana ɗaure da gonar talaka. In damina ta lalace, baitulmali ma ya ji a jikinsa.

Kuɗin mai ya tsinka wannan igiya, ta hanya biyu. Ta farko ita ce abin da masana tattalin arziki ke kira cutar Holan, saboda a can aka fara lura da ita bayan gano iskar gas a Groningen a 1959. Yadda take aiki ba wuya. Dala ta yi ta shigowa, naira ta yi ƙarfi, har a 1980 dala ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba. Mutane suna tuna wannan da alfahari, suna cewa lokacin naira tana naira. To, a ɗauka audugar da Bappa ya noma ta yi dala 100 a kasuwar duniya. Ko ba a cire masa ko sisi ba, naira 55 ce tasa. A lokacin kuma ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata, 'yan kwangila suna ɗibar lebura a birni, kuɗin ƙwadago a gona ya tashi. Shinkafar waje da yadin waje kuma sun zama araha, saboda naira kaɗan ke sayen dala. Abin da manomi ke sayarwa ya faɗi, abin da yake biya ya hau. Ba sai an hana shi noman auduga da doka ba, lissafi ne ya hana shi. Samarin Kumo da Pindiga suka ajiye fartanya suka nufi inda ake zuba kankare.

Wannan cuta ta kama Indunusiya ita ma. Bambancin shi ne a watan Nuwamba 1978, kuɗin mai na shigowa, ba wanda ya shaƙe su, suka karya darajar kuɗinsu da gangan, daga rupiya 415 a dala zuwa 625, don mai noman roba da kofi da mai ƙaramar masana'anta su iya sayarwa a waje. Suka sake a 1983, suka kuma a 1986. Mu muka riƙe naira a sama har sai da aljihu ya bushe, aka sake ta a Satumba 1986 ƙarƙashin shirin SAP na Babangida. Ihu bayan hari. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya, fuloti ya mutu, ba mai tantance lamba, ba mai raba iri mai kyau, angurya ta cakuɗe. Na san mai karatu zai ce an sake karya naira a 2023 kuma ba abin da ya gani sai tsadar masara. Haka ne, kuma tarihin Indunusiya bai ce karya kuɗi magani ne shi kaɗai ba. Su sun yi nasu ne bayan sun shekara goma suna zuba kuɗi a ƙauye, akwai kayan da za a sayar.

Nan ne zuciyar maganar take. Gwamnatin Suharto ta ɗauki kuɗin mai ta gyara magudanan ban ruwa na ƙananan manoma, ta gina kamfanonin taki ta sayar da shi da rahusa, ta kai sabon irin shinkafa da bashi har ƙauye, ta shimfiɗa hanyoyin karkara. Hukumar Bulog, wadda aka kafa a 1967, tana sayen shinkafa in farashi ya faɗi da kaka, ta fito da ita in ya hau, don haka manomi ya san ƙasan farashinsa tun kafin ya shuka. Tsakanin 1973 da 1978 an gina makarantun firamare sama da 61,000. Ƙasar da ta fi kowa sayen shinkafar waje a ƙarshen shekarun 1970 ta ciyar da kanta a 1984.

Ba za a ce Nijeriya ba ta kashe kuɗi a kan noma ba. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi na Shagari a 1980, an kafa hukumomin raya kogunan ƙasa. Amma kuɗin ya fi tafiya inda kwangila ke da ƙiba. Madatsar Dadin Kowa ta tare ruwan Gongola tun shekarun 1980, wutar megawat 40 da aka yi alkawari sai da aka haura shekara talatin kafin a gan ta. Ta Kafin Zaki a Bauchi an fara an tsaya. A Bakolori, a 1980, manoman da aka ƙwace wa gonaki harsashi suka samu. An kafa Steyr a Bauchi tana harhaɗa tarakta da manyan motoci, alhali mai garmar shanu ne ke noma yawancin abin da ake ci. Simintin Ashaka, wanda ya fara aiki a 1979, ya rayu, kuma ina ganin ba mamaki, tunda dutsen da yake ci yana nan ƙarƙashin ƙafarsa, ba sai an nemo dala an shigo da shi ba.

Abu ɗaya da aka yi irin na Indunusiya, a nan Gombe aka yi shi, kuma ya yi aiki. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Gombe tare da na Funtuwa da Gusau, da tallafin Bankin Duniya: hanyoyin ƙauye, rumbunan sayar da taki kusa da manomi, malaman gona, ingantaccen iri. Kafin lokacin masara abin bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Cikin 'yan shekaru ta zama amfanin gona na sayarwa, yau duk wanda ya shiga Tudun Hatsi ya ga tireloli na lodi ya ga jikokin wannan shiri. Manomin Akko bai fi na Java taurin kai ba. Da aka kawo masa taki da hanya ya karɓa hannu bibbiyu.

To me ya sa su suka dage, mu muka yi sau ɗaya muka saki? Ruwa ba ya tsami banza. A fahimtata kowace gwamnati maganin abin da take tsoro take saye. Suharto ya hau mulki ne a kan gawar jam'iyyar kwaminis wadda ƙarfinta yake cikin manoma marasa gona, kuma ya ga yadda tsadar shinkafa ta taimaka wajen kayar da Sukarno, shugaban da ya gada. Ƙarancin shinkafa na 1972 da 1973, da tarzomar Jakarta ta Janairu 1974, suka ƙara tuna masa. Dodonsa ƙauye mai yunwa ne. Sojojinmu kuwa daga yaƙin Biyafara suka fito, dodonsu wargajewar ƙasa ne da juyin mulki. Maganin wannan shi ne rabo: kowane yanki a ba shi jiharsa, da sakatariyarsa, da kasonsa daga asusun tarayya. Jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Jihar Bauchi ta 1976 da jihar Gombe ta 1 ga Oktoba 1996 'ya'yan wannan magani ne, kuma ni ma na yi murna ranar da aka ba mu tamu. Ƙasa ba ta wargaje ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ita ce hanya ta biyu da mai ya tsinka igiyar nan: gwamnan da mafi yawan kuɗinsa daga Abuja suke zuwa duk wata, ko an yi damina ko ba a yi ba, ba shi da dalilin kwana da tunanin farashin auduga.

Akwai kuma zancen daɗewa. Daga 1966 zuwa Mayu 1998 da Suharto ya sauka, mun yi shugabanni tara, daga Ironsi zuwa Abacha. Masana tattalin arzikin Suharto, irin su Widjojo Nitisastro da Ali Wardhana, sun shekara da shekaru a kujerunsu, kuma abin kunyar Pertamina ƙarfi ya ƙara musu. A nan, bayan badaƙalar siminti, gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata wajen 10,000, na banza da na kirki, waɗanda suka rage suka koyi cewa kujera ba tabbas, kowa ya tanadi na gobe. Wanda ya san zai daɗe yana tatsar saniya yakan ba ta dusa. Kada a ɗauka ina yabon mulkin kama-karya. Mobutu ya shekara 32 a Zayar bai bar komai ba sai kango, shi ma Suharton abin da sojojinsa suka yi a Timor ta Gabas da Aceh ba ya wankuwa, kuma rikicin kuɗi na 1997 ya tona ruɓar da ke ƙarƙashin ginin nasa.

Kwatancen yana da iyaka ta wani gefen ma. Java ƙasar aman wuta ce mai albarka, da ban ruwa tun kaka da kakanni, kuma sabon irin shinkafa na IR8 da ya fito daga Filifin a 1966 kamar don su aka yi shi. Gero da dawa ba su sami irin wannan gata daga masu bincike ba a lokacin. Maƙwabtansu Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan ne, masu neman inda za su kai masana'antunsu, mu kuwa Nijar da Cadi ne. Ko da shugabanninmu sun yi duk abin da ya dace, ba lalle mu kai inda suka kai ba. Amma fari da ciwon gyaɗa na shekarun 1970 ba su ne suka riƙe naira a sama shekara goma sha uku ba, ba su ne suka zaɓi kankare a kan taki ba.

Tun ba a sayar da ganga ɗaya ta Kolmani ba aka fara ja-in-ja a kan ko rijiyoyin a ƙasar Alkaleri suke ko ta Akko, domin tsarin mulkin 1999 ya ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari ga jihar da aka haƙo arziki a cikinta. Siyasar rabon ce dai ta biyo mu har gida. Cikin abubuwan da aka lissafa ranar bikin akwai matatar mai, da tashar wutar lantarki, da kamfanin taki, amma a teburin mai shayi ba wanda ya ambaci na ƙarshen. Da na je Kumo a makon na ba Bappa labari, yana zaune kan buzu yana ɓarar masara, garmarsa ta dā jingine da bango ta yi tsatsa, bai tambaye ni ganga nawa ba ne, bai tambayi ta wace jiha ba ce. Cewa ya yi, "Kamfanin takin nan, a nan za a riƙa sayar mana, ko shi ma sai ya je Abuja ya dawo?"